Riga Mai Lamba Biyar

A shekarar da aka bar fam da sule aka kama sabon kuɗin nan sidi, ƙungiyarmu ta ƙwallo ta rataye riga ɗaya a shagon Alhaji Tela da ke unguwar Nima a Akra, aka shafa fatiha a kan ba mai sake sa ta. Rigar ba tawa ba ce. Tawa tara ce. Wadda aka rataye biyar ce, ta Issaka Mosi. Mahaifiyarku Azumi, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya tana gaya muku an cuce ni a ranar, ku ma kun ɗauka kuna gaya wa 'ya'yanku. Ba a cuce ni ba. Ni na yi abin da kaina. Waɗanda na riƙe wa amana duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka zan faɗa sau ɗaya a rubuta, a bar maganar.

Ni da Issaka mota ɗaya ta kawo mu Akra, muna zaune a kan buhunan albasa. Ni daga Bawku, shi daga can ƙasar Mosi. Ba mu san kowa ba. Muka kama dako a kasuwar albasa ta Agbogbloshie, muka kama ɗaki ɗaya a Nima, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Idan na yi zazzaɓi shi ke ɗaukar kayana, idan ya yi ni ke ɗaukar nasa. Da yamma mu je fili kusa da babbar kwata mu buga ƙwallo ba takalmi. Da muka haɗa ƙungiya, duk wanda ya zo sai ya ci mu, mu tashi muna kakkaɓe jiki muna cewa sai gobe. 'Yan unguwar Kotobabi suka laƙa mana sunan don tsiya, mu kuma muka karɓa. Sai Gobe. Daga baya sunan ya daina ba mutane dariya, don mun kai lokacin da ba wanda ke son haɗuwa da mu a Nima ko Maamobi.

Alhaji Tela ne uban ƙungiya. Shi ya ɗinka mana riguna da koren yadi, ya yanko lambobi daga farin buhun fulawa ya ɗinka a baya. A zamanin lambarka ita ce wurinka a fili. Tara yana gaba yana ci. Biyar yana baya, gaban gola, yana shan duka. Ni na ci ƙwallaye da yawa, ban ƙirga ba, amma mata masu sayar da koko sun san sunana. Issaka bai taɓa cin ko ɗaya ba. Dogo ne, wuyansa kamar turmi, yana sa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Ba a yi masa tafi. Idan an tashi wasa ni ake ɗauka a kafaɗa, shi yana baya yana tofar da jini yana neman silifas ɗinsa.

Gwiwata ta tafi a wani wasa da 'yan Kotobabi. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na tashi ina tafiya, amma gudu ya ƙare. Na koma zama a bencin ƙofar shagon Alhaji tare da tsofaffi. A cikinsu akwai Baba Kuku, wanda ya yi wa sojojin Amurka girki a filin jirgi lokacin babban yaƙi. Ba ya buɗe baki sai da labarin Amurkawa. Wata rana yana kallona ina murza gwiwa, sai ya ce mutanen nan suna da wani wasa, besbol suke ce masa, ana dukan ƙaramar ƙwallo da kulki a zagaya fili da gudu.

"A ƙasarsu," in ji shi, "idan ɗan wasa ya yi abin da ba a mantawa, sai a cire rigarsa a rataye. Lambar ta mutu. Ba mai sake sa ta har abada."

"Su da suke da yadi," in ji Alhaji, bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

"Alhaji, kai fa tela ne. Kana kukan yadi, mu mu yi kukan me?"

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna. Kafin mako ya zagayo duk 'yan ƙungiya sun ɗauka. Alhaji ya ce ya yarda, amma riga ɗaya tak. Goma sha biyu gare mu, irin wannan koren yadin ya ƙare a kasuwa, kuma alƙalin wasa ba ya barin mutum ya shiga da riga daban. Idan aka rataye ɗaya, mai lamba goma sha biyu ta maye gurbinta, shi ke nan ba saura. Aka sa ranar Lahadi bayan la'asar a yanke wadda za a rataye. Kowa ya san tawa ce. Ni ma na sani, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na so. Mutumin da ƙafarsa ta mutu yana son a ce ya taɓa gudu. Mahaifiyarku ta gaya wa matan gidanmu kaf, ta jiƙa shinkafar masa tun kafin ranar.

Ana saura kwanaki kaɗan, ina kasuwa ina ware ruɓaɓɓiyar albasa, don aikin da gwiwata ta bar mini ke nan, sai ga Hawa matar Issaka. Ba ta taɓa zuwa wurina a kasuwa ba. Ta tsaya ta yi kamar tana taya albasa har mutane suka ragu.

"Yaya Haruna, zan gaya maka magana, amma sai ka rantse."

"Ba na rantsuwa a kan abin da ban ji ba."

"To na tafi."

Ta juya da gaske. Na kira ta, na rantse. Ta ce abokina ba shi da lafiya. Duk ranar da ya dawo daga wasa sai ya zauna bayan ƙofa yana riƙe ƙirji, leɓɓansa su yi fari. Sau biyu ya faɗi a makewayi, ita ta jawo shi. Ta matsa masa sun je asibiti, likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa ya daɗe, ya ce zuciyar ta kumbura. Idan ya bar gudu da kaya masu nauyi zai iya tsufa. Idan bai bari ba, wata rana a fili za a ɗauke shi. Dakon ya rage, ya koma tsaron rumfa, yana cewa bayansa ne. Ƙwallo kuwa ya ce sai dai a binne shi da ita.

"Ya ce ranar da wani ya ji, in tattara kayana in koma gidanmu. Ka san shi, ba ya faɗa sau biyu. 'Ya'yana mata biyu ƙanana ne, Yaya. Ka cire shi daga filin nan. Yadda za ka yi ban sani ba, amma kada sunana ya fito."

Ta sayi albasa ta tafi. Na zauna ina tunani. Idan na ce masa ya bari, zai tambaye ni dalili. Idan na sa Alhaji ya ajiye shi a benci, gobe zai koma wata ƙungiya, don kowa na son mai tsaron baya irinsa. Issaka ba a korarsa, ba a lallashinsa. Abu ɗaya na san ba ya iya tsallakewa, shi ne abin da aka shafa wa fatiha. A Zongo, wato unguwanninmu na baƙi, idan manya sun zauna an yanke magana an shafa, ta rufu, ko ta yi maka daɗi ko ba ta yi ba. Da yamma na nemi Baba Kuku shi kaɗai, na saya masa goro.

"Baba, Amurkawan nan, wanda aka rataye wa riga yana sake buga wasa?"

"Ina! Ai sai wanda ya gama. Wa zai rataye rigar mutum yana gudu?"

"To ranar Lahadi kada ka faɗi wannan sai na tambaye ka."

Ya dube ni, ya dubi goron, ya jefa a baki.

Ranar Lahadi aka ɗaura igiya a ƙofar shago aka shanya riguna uku. Tara tawa. Goma ta Sule, ɗan ƙanen Alhaji, wanda wata babbar ƙungiya ta cikin gari ta ɗauke. Biyar kuma ni na ce a sa. Da na faɗa aka yi dariya, Issaka ya fi kowa dariya. Malam Idi limamin masallacin lungunmu yana zaune a kujera, an gayyato shi don addu'a. Aka fara da goma. Alhaji ya ce yaron ya kai sunan Nima inda bai taɓa zuwa ba, har a rediyo an ambace shi. Golanmu, wani Bazabarme mai baki, ya ce a rediyon sunan wace ƙungiya aka faɗa, tamu ko tasu? Wanda ya bar riga da ƙafarsa, in ji shi, ba ya bukatar a rataye masa, ya riga ya rataye ta da kansa. Maganar goma ta mutu a nan. Aka juyo kan tara. Mutane suka yi ta tuno ƙwallayen da na ci, har da waɗanda ban ci ba. Na bar su suka gama, sannan na miƙe da sandata.

Ni ba mai dogon bayani ba ne, ranar ma ban yi ba. Na ce duk ƙwallon da na ci an biya ni a wurin, da tafi da kafaɗa da koko kyauta. Na ce a nuna mini wanda ya taɓa saya wa Issaka ko ƙosai. Na tambayi gola sau nawa ƙwallo ta wuce shi ya juya ya tarar da kan Issaka a kan layi. Na ce ranar da muka ci kofin unguwanni da ƙwallo ɗaya, ni na ci ɗayar, amma wa ya hana biyar ɗin da ya kamata su shiga ragarmu? Haƙoransa biyu suna cikin ƙasar filin nan har yau. Na ce idan za a rataye riga don a tuna mutum, a rataye ta wanda za a manta. Ni ba za a manta da ni ba.

Wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba ko a lokacin. Sauran duk gaskiya ne.

"Haruna, ka sha wani abu ne?" in ji Issaka. "Ni ko raga ban san hanyarsa ba."

"Rufe baki, Mosi. Ba a tambaye ka ba."

Ba mu san ƙuri'ar takarda ba. Yadda muke yi, kowa ya tashi ya tsaya bayan abin da ya zaɓa, ido na ganin ido. Mutane suka fara taruwa bayan tara. Na ja ƙafata na wuce su, na wuce rigata, na tsaya bayan biyar ni kaɗai. Gola ne ya fara tahowa. Sai 'yan baya biyu. Sai aka ga ba kyau a tsaya bayan rigar mutumin da shi kansa ba ya bayanta, aka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya zo daga ƙarshe yana girgiza kai. Issaka yana zaune a benci, bakinsa a buɗe, wawulonsa a waje. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, ko ranar aurensa. Ban bar shi ya sauko daga ciki ba.

"Malam, a shafa mana. An rataye biyar yadda masu abin suke ratayewa, da duk sharaɗinsa."

Malam Idi ya ɗaga hannu, muka ɗaga, Issaka ma ya ɗaga. Aka shafa. Alhaji ya hau kan kujera ya buga ƙusa a saman bango, sama da keken ɗinki, ya rataye rigar lambar tana kallon titi. Ana ta ba Issaka hannu. Can ya ce:

"To Alhaji, ba ni goma sha biyun. Lahadi mai zuwa muna da 'yan Maamobi."

"Baba Kuku," na ce, "wanda aka rataye wa riga yana sake buga wasa?"

Tsohon ya gyara zama. "Ba ya yi. Ya gama ke nan. Haka sharaɗin yake."

Issaka ya dubi Baba Kuku, ya dubi Malam. Malam ya ce shi dai an ce da duk sharaɗinsa, kuma kowa ya shafa. Sai ya juyo gare ni. Ya daɗe yana kallona. Mun yi shekaru a tabarma ɗaya, ya san fuskata idan na shirya abu.

"Ƙafarka ya mutu, shi ne ka kashe nawa," ya ce.

Ya ɗauki silifas ɗinsa ya tafi.

A gida na tarar da masa cike da kwano da mata cike da tsakar gida, labari ya riga ni isowa. Mahaifiyarku ta jira suka watse.

"Maigida, me suka ba ka?"

"Ba su ba ni komai ba."

"To me suka yi maka? Alhaji ne? Don ba a ɗauki ta ɗan ƙanensa ba ya ce kai ma ba za ka samu ba?"

"Ni na zaɓa."

"Kai ka zaɓa! Mutum ya ba da gwiwarsa, a ba wani bango, ya ce shi ya zaɓa. Ka faɗa wa wanda bai san ka ba."

Ta yanke a ranta cewa an tilasta mini ina rufa wa manya asiri, kuma ban iya gyara mata ba, don gyaran yana bi ta kan Hawa. Na ci masar. Ta yi daɗi. A haka mahaifiyarku ta rayu da labarinta, a haka kuka gada.

Issaka bai haƙura nan da nan ba. Fatiha ta ɗaure shi a Sai Gobe, sai ya ce ba ta ɗaure shi a Kotobabi ba. Ya je wurinsu da takalminsa a hannu. Amma labari ya riga ya zaga Zongo, mutane har daga unguwar Tudu suna zuwa shagon Alhaji kallon rigar da aka rataye. 'Yan Kotobabi suka tashi tsaye da suka gan shi, suka kawo kujera, suka kawo ruwan sanyi, suna Baba Biyar, Baba Biyar. Da ya ce wasa ya zo bugawa, kyaftin ɗinsu ya ce Allah ya kiyaye su sa babban mutum irinsa gudu a rana, me za a ce da su a gari? Ya gwada wata ƙungiya a Maamobi, nan ma kujera. Girma ya kewaye shi ta ko'ina, ba ƙofa. Daga baya ya dawo Sai Gobe yana tsayawa bakin fili yana yi wa 'yan baya tsawa, kuma a bakinsa suka koyi aikin.

Ni kuwa ya daina yi mini magana. A masallaci idan na tsaya a sahu kusa da shi sai ya canza wuri. A kasuwa ya wuce rumfata kamar ba kowa. Wannan ya fi rigar ciwo. Tara kuma aka ba wani sabon ɗan wasa, ya ci nasa ƙwallayen, masu koko suka koyi sunansa. Ban daɗe ba na zama mai albasa mai ɗingishi. Na ce ba za a manta da ni ba, an manta. Hawa idan mun haɗu a hanya takan gaishe ni ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara ko kalma. Ni ma ban nema ba. Duk safiya ina ganinsa ya wuce da ƙafafunsa, wannan ya ishe ni.

Damina ta zo ta wuce har sau uku muna haka. Sai Hawa ta haifi namiji, na farko bayan mata. Ba a aiko mini da goron suna ba. Ranar sunan da safe ina shan koko sai ga Issaka da kansa a ƙofar gidanmu. Bai yi sallama da sunana ba, bai dube ni ba, bango yake kallo.

"Ana jira," ya ce. Ya juya.

Na bi shi da sandata. Ya rage sauri, amma bai waiwaya ba. Muka tarar da tsakar gida cike, rago a ɗaure. Na zauna can gefe. Malam Idi ya yi addu'a, aka raɗa masa, ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Haruna. Mutane suka juyo suna kallona. Na rasa inda zan sa idona. Da aka watse Issaka ya zo ya zauna a bencin da nake, ya bar wuri tsakaninmu kamar na mutum ɗaya.

"Kada kanka ya kumbura," ya ce. "Sunan wan matana ne."

"Allah ya raya shi."

"Amin. Gwiwan fa?"

"Tana nan. Bayan naka fa?"

"Yana nan," ya ce. Ya fasa goro ya miƙo mini rabi.

Hawa ba ta da wa mai suna Haruna. Ba ta da wa ma sam, ita ce ta fari a gidansu.

Ko ita ta gaya masa, ko shi ya gane, ban tambaya ba, bai faɗa ba. Ba mu sake ɗaga maganar ba har ya mutu. Ya aurar da 'ya'yansa mata, ya ga jikoki, ya yi furfura har a gira. A kan tabarmarsa ya cika, bayan sallar azahar, ina zaune a gefensa. Kafin nan mun yi shekaru muna zama a ƙofar shagon Alhaji, ƙarƙashin rigar, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa da an bar shi da ya buga shekara goma nan gaba, wani mai baƙin ciki ne ya hana. Ni kuma in ce ƙwarai.

Yanzu ina Maamobi, a ɗakin da kuka gyara mini. Gwiwar tana gaya mini zuwan ruwa kafin gajimare ya haɗu. Takwarana yana da shagon walda a bakin titi, duk safiya sai ya biyo da koko da ƙosai kafin ya buɗe, ya zauna ya sha nasa a nan. Jikan Alhaji ne ke kan keke a shagon Nima. Koren ya koɗe ya koma kalar toka, amma biyar ɗin tana fitowa, buhun fulawar da ba ya mutuwa. Na ji kuna shawarar ku je ku roƙa a rataye tara kusa da ita kafin in mutu. Kada ku je. Ƙusa ɗaya ce a bangon, kuma abin da ya kamata yana kanta.